Matar da Ta Riƙa Kwashe Kumfa

Akwai wata mace gwauruwa a wani gari, wadda ba a taɓa samun ƙura a ƙarƙashin gadonta ba. Takan tashi kafin zakara ya yi cara, ta share tsakar gida, ta share ƙofar gida, ta share har rabin ƙofar maƙwabta don kada iska ta dawo mata da shararsu. Tukwanenta kuwa, kana iya ganin fuskarka a gindinsu. Matan unguwa suka sa mata suna Dubagari, ita kuma ba ta ɗauke shi zagi ba. Da hannuwan nan biyu ta reni 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da suyar ƙosai a bakin hanya, ba ta taɓa zuwa roƙon gishiri gidan kowa ba. Amma shekaru sun hau. Baya ya fara ƙara, gajiya kuma ta zauna mata a ƙashi, irin wadda barci ba ya cirewa.

Tana da ɗa, autanta, sunansa Irmiya. Ya yi aure, Allah ya ba shi 'ya mace, sai giya ta shiga tsakani. Matarsa Afiniki ta yi haƙuri har haƙurin ya ƙare, ta goya 'yarta ta koma gidan ubanta. Aiki ya tafi, ɗakin haya ya tafi, Irmiya ya dawo gidan uwarsa da jaka ɗaya a kafaɗa.

Ya daina sha, wannan gaskiya ne. Dattawan coci suka ɗora masa hannu suka yi addu'a, aka samo masa aiki a wurin masu buga bulo. Surukinsa kuma ya aiko da magana, ya ce ƙofa ba a rufe take ba, amma Irmiya ya zo biko da ƙafarsa, ya yi magana da bakinsa, kafin Kirsimeti. Idan lokacin ya wuce bai zo ba, to kowa ya san inda ya tsaya.

Kullum uwar takan ce, “Ka shirya ka je.”

Shi kuma yakan sunkuyar da kai ya ce, “Da wane ido, Mama? Duk abin da na taɓa sai ya lalace.”

Ana nan, wata rana da yamma sai ga shi ya shigo da akwatin gilashi rungume a ƙirji, da bokiti a rataye a hannu. Wani mai gida da suke kai wa bulo ne zai bar gari, ya ba shi. Ya ajiye akwatin a kan tebur a falo, ya zuba ruwa, ya juye bokitin a hankali. Kifi biyu suka fito, kowanne bai kai tsawon yatsa ba. Ɗaya shuɗi ne mai sheƙi, ɗayar launinta bai kai nasa ba. Kowanne yana da zare biyu dogaye a ƙirji, yana taɓa abubuwa da su kamar makaho da sandarsa.

Uwar ta tsaya ta riƙe ƙugu. “Mene ne wannan kuma?”

“Kifi ne, Mama. Gurami ake ce masa. Wannan namiji, wannan mace.”

“Wannan ɗan abin? Ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba.”

“Ba ci ake yi ba. Kallo ake yi.”

“Kallo!” Ta yi tsaki. “Ƙato da hankalinsa ya zauna yana kallon kifi. Ni na san tarwada, na san karfasa, na kuma san inda suke zuwa. Tukunya.”

Irmiya ya yi ɗan murmushi, abin da ta daɗe ba ta gani a fuskarsa ba. Ya ce, “Ba shi da wahala, Mama. Kin ga yana hawa sama yana shaƙar iska kamar mutum, don haka ko an ɗauke wuta ba abin da zai same shi. Mai shi ya ce mini, idan namijin ya ji daɗin wuri, hankalinsa ya kwanta, to sai ya fara...”

“Irmiya, ina da wake a ruwa,” in ji uwar. Ta juya ta fita.

Da ta tsaya ta ji ƙarshen maganar nan, da misalin ya ƙare a nan, kowa ya tashi ya tafi gida. Amma ba ta tsaya ba.

Daga ranar, Irmiya ya sami abin da yake tashi dominsa. Yakan ɗebo ruwa ya bar shi ya kwana kafin ya ƙara musu. Ya je rafi ya samo kainuwa ya aza a saman ruwan don su sami inuwa. Abinci kaɗan yake ba su, a kan ɗan yatsa. In ya dawo aiki, siminti har cikin gashin ido, sai ya ja kujera ya zauna a gabansu. Wata rana uwar tana wucewa da kwanuka ta ji yana yi wa namijin magana ƙasa-ƙasa: “Kai dai ka gina. In ka gina a hannuna, ni ma zan tashi in je.”

Ta girgiza kai. A ranta ta ce, giya ta tafi ta bar mini mai hira da kifi.

Ba a daɗe ba, da asuba tana shara a falo, ta ɗaga fitila sai ta ga wani abu a saman ruwan, a kusurwa, ƙarƙashin kainuwar. Kumfa ce ta taru, fara, kamar wadda ke tasowa idan an ɗora nama a wuta. Ranta ya ɓaci. Ta ce, “Na san za a yi haka. Ya kawo mini ƙazanta har falo, shi kuma yana can yana munshari.” Duk macen da ta san girki ta san abin da ake yi wa kumfa. Ta ɗauko rariyar shayi, ta kwashe ta tas, ta watsar a bayan gida, ta wanke rariyar da ruwan zafi. Ba ta faɗa masa ba. A ganinta rufin asiri ta yi masa, don yaron yana da abin kunya da ya ishe shi.

To, ku ji abin da ba ta sani ba. Kifin nan ba ya yin sheƙa da ciyawa kamar tsuntsu, ba ya haƙa rami kamar ɓera. Namijin yakan hau sama ya guntsi iska, ya haɗa da miyau, ya fesar da ƙwayar kumfa ɗaya. Ya sake hawa, ya sake fesarwa. Haka zai yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har su taru su manne. Wannan kumfar ita ce gidansa. A cikinta ake sa ƙwai, a cikinta 'ya'ya suke ƙyanƙyashewa. Ba shi da wani kayan gini sai numfashinsa.

Kifin ya sake ginawa. Kashegari ta kwashe. Ya gina da rana, ita kuma kafin Irmiya ya dawo aiki ta sake kwashewa, don ya tarar da falo fes. Irmiya zai shigo ya leƙa kusurwar, ya ga 'yan ƙwayoyi biyu uku suna yawo, ya yi ajiyar zuciya ya zauna.

Ba kuma kifin kaɗai ake yi wa haka a gidan ba. Irmiya ya wanke kwanukan da suka ci abinci, ta bi baya ta sake wankewa yana kallo. Ya share tsakar gida ranar Asabar, ta karɓi tsintsiyar ta ce, “Wannan shara ce ko zanen ƙasa?” Ya gyara ƙofar kicin da ta karkace, ta kira kafinta ya cire ƙusoshinsa ya buga wasu. Ba don ƙiyayya ba. Tana son yaron nan fiye da numfashinta. Ita dai ba ta iya ganin abu rabi-rabi ta wuce. Daga baya Irmiya ya daina taɓa tsintsiya, ya daina taɓa kwano. Sai ta riƙa cewa, “Ni kaɗai nake komai a gidan nan. Na gaji.” Kuma da gaske ta gaji.

Kifin ma ya gaji. Shuɗinsa ya koɗe, ya rame, amma bai fasa hawa sama ba. Macen cikinta ya cika da ƙwai, ta maƙale a bayan dutse ba ta fitowa. Sanyi ya fara shigowa, yara suka fara koyon waƙoƙin Kirsimeti a coci. Irmiya ya daina ja wa kansa kujera. Yakan jefa musu abinci a tsaye ya wuce ɗaki.

Ranar wata Lahadi bayan sujada, wata daga cikin zumuntar mata ta ja uwar gefe ta ce, “Mama, ban so in faɗa ba. Jiya na ga Irmiya tsaye a gindin bishiya, daura da gidan burkutu. Bai shiga ba. Amma ya daɗe yana kallon ƙofar.”

Matar ta dawo gida. Ta durƙusa gaban gadonta ta ce, “Ya Ubangiji, na gaji. Na yi iyakar ƙoƙarina a kan yaron nan. Ka gina shi, ka tsayar da shi da ƙafafunsa.” Ta ce amin, ta dafa gado ta tashi, ta shiga falo, ta ga kumfa, ta ɗauko rariya ta kwashe.

Da gari ya waye ta sunkuya za ta ɗaga bokitin ruwa, sai bayanta ya riƙe. Ta kasa miƙewa, ta kasa zama. Irmiya ne ya ɗauke ta ya kwantar a katifa. Mai magani ya zo ya duba ya ce ta kwanta, kada ta ɗaga ko ludayi.

Gida ya koma hannun Irmiya. Ya tuƙa tuwo, gudaji kamar tsakuwa. Ya kawo mata. Ta duba tuwon, ta dube shi, yunwa kuwa ba ta san girman kai ba, sai ta ci. Daga inda take kwance tana jin yadda yake shara, ta san yana tsallake lungu. Tana jin yadda yake ɗauraye kwano sau ɗaya maimakon uku. Ta yi ta cizon haƙori, amma ba yadda za ta yi.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, sai ga shi ya faɗo ɗakin ba sallama. “Mama! Mama, zo ki gani!”

“In zo da wane bayan?”

Ya tallabe ta, ta rataya a kafaɗarsa, suka tafi a hankali har falo. Ya zaunar da ita a kujerarsa. Ta ɗaga ido sai ta ga kumfa ta cika kusurwar, faɗinta ya kai tafin hannu, ta yi tudu har ta ɗaga kainuwar.

“Wayyo ni,” in ji ta. “Daga kwanciyata har ƙazantar nan ta dawo? Miƙo mini rariyar shayi.”

Irmiya ya juyo. “Ta dawo?”

“Kullum sai na kwashe ta, safe da yamma. Ba ka ga ruwan yana zama garau ba? Ka zaci shi yake share kansa?”

Irmiya ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya yi wata irin dariya wadda ba ta da daɗin ji. “Tun yaushe, Mama?”

“Tun farkon fitowarta.”

“Gidansa ne. Shi ne abin da nake jira. Na zaci a hannuna ne ya ƙi.” Ya share fuska da tafin hannu. “Ashe yana ta ginawa.”

Matar nan ba ta saba a kama ta da kuskure ba. Ta gyara ɗaurin zane ta ce, “To me ya hana ka faɗa mini?”

“Na fara faɗa. Kika ce kina da wake a ruwa.”

Ta mayar da ido kan gilashin don kada ta dube shi. A nan ta ga abin da ba ta taɓa tsayawa ta gani ba. Macen ta riga ta zubar da ƙwai, Irmiya ya cire ta ya sa a wata roba, don namijin ba ya barin kowa kusa da gidan bayan an sa ƙwai. Namijin yana nan shi kaɗai a ƙarƙashin kumfar, ramamme, koɗaɗɗe. Wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gero ya suɓuce yana gangarowa. Kifin ya bi shi, ya ɗauka a baki, ya hau ya mayar da shi cikin kumfar. Wani ya faɗo, ya bi. Inda kumfar ta fashe, ya guntsi iska ya toshe. Bai huta ba, bai kuma kula abincin da aka jefa masa ba.

Ta kalla har rana ta shigo ta taga. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Tuwon jiya ya ciwu.”

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Irmiya kuwa ya san uwarsa, ya san nauyin maganar.

Ranar Asabar ya shirya zuwa gidan surukinsa. Shi ya wanke rigarsa, shi ya goge ta da dutsen guga na gawayi. Ya fito, ga karin guga biyu a hannun rigar, ga ɗan tabon toka a kafaɗa. Uwar tana zaune a ƙofar ɗaki. Ta gani. Hannunta ya ɗaga da kansa, bakinta ya buɗe. Sai ta kama hannun da ɗayan ta danne a cinya.

“Allah ya kiyaye hanya,” in ji ta. “Ka gaida surukanka.”

Ya kai ƙofa ya juyo. “Mama, kada ki taɓa.”

“Na ji. Ni yarinya ce?”

Afiniki ba ta biyo shi a ranar ba. Surukin ya saurare shi, ya yi masa faɗa mai zafi, ya ce ya dawo da dattawa. Ya koma da dattawa. Aka yi ta zama, aka yi ta magana, abin ya ja lokaci, amma Afiniki ta dawo.

Kifin kuwa, ƙwai sun ƙyanƙyashe, 'ya'ya suka fara yawo kamar ƙurar gashi a ruwa. Da suka iya iyo da kansu, Irmiya ya tashi wata safiya ya tarar da namijin kwance a ƙasan akwatin. Ginin da ya yi ta yi ana rushewa ya riga ya cinye ƙarfinsa, na ƙarshen ne kawai ya ga amfaninsa. Uwar ce ta haƙa ɗan rami a gindin zogale ta binne shi, ita da ta ce makomar kifi tukunya ce.

'Ya'yan ba duka suka rayu ba, kaɗan ne suka girma. Jikar matar takan manna hanci da tafin hannu a jikin gilashin tana ƙirga su, ta bar shaidar yatsu masu maiƙo. Tsohuwar ta zo da tsumma ta tsaya a kai. Ta daɗe a tsaye. Sai ta saɓa tsumman a kafaɗa ta wuce.

Ga ma'anar misalin, don kada wani ya fita ya ce labarin kifi aka ba shi yau.

Matar nan mu ce. Ba mashaya nake nufi ba, ba malalata ba. Mu da muke zuwa sujada kafin a buɗe ƙofa, mu da ba a taɓa jin sunanmu a bakin duniya ba, mu da muka iya komai. Kifin kuwa shi ne duk wanda ya faɗi yana so ya tashi, ko ƙaramin da yake koyon tsayuwa. Kumfar ita ce ɗan abin da yake iya yi yanzu. Ba ta da kyan gani. Ba ta yi kama da gida ba. Amma da numfashinsa ya yi ta, ba shi da wani abu bayan wannan. Rariyar ita ce harshenmu da hannunmu.

Yarinya ta dama kunu ya tsinke, kin karɓe ludayi kin ce ta matsa. Kin kwashe kumfa. Sabon tuba ya tashi yin addu'a a taro, harshensa ya sarƙe, kai dattijo ka karɓe ka ƙarasa masa da muryarka mai daɗi. Ka kwashe kumfa. Mutum ya bar giya wata biyu, ya zo ya zauna a bencin baya, kuna shinshina iska kuna kallon juna. Kun kwashe. Bayan haka mu durƙusa mu ce Ubangiji ya gina su. Yana ginawa. Mu ne muke bi da rariya. Sa'an nan mu ce mun gaji, mu kaɗai muke aiki. Dole mu gaji, tun da aikinmu muke yi, muna kuma rushe na wasu.

Ciwon bayan nan jinƙai ne. Akwai wanda in ba a kwantar da shi ba, ba wanda zai miƙe a gidansa. Kada ku jira sai Ubangiji ya kwantar da ku. Ku kuma tuna da kifin da aka binne a gindin zogale. Irmiya ya tsira, amma ba kowa ne yake da ƙarfin sake ginawa har ranar da za ku gane ba.

Ban ce a bar ƙazanta ba, kada a je a ce ni na faɗa. Akwai kumfar sabulu, in ta shiga ruwan kifi kashe shi take yi, wannan a kwashe ta da sauri. Zunubi zunubi ne, a tsawata. Amma ido kaɗai ba ya rarrabe kumfar sabulu da kumfar gida. Sai an tambaya. Laifin matar nan ba tsabta ba ne. Laifinta shi ne ɗanta ya buɗe baki zai faɗa mata, ta juya baya.

Saboda haka ga aikinku na wannan mako. Idan kun ga wani a gidanku ya yi abu rabi-rabi, hannunku ya fara ƙaiƙayi, ku danne shi a cinya. Ku ce, “Me kake ginawa a nan?” Sa'an nan ku ja kujera ku zauna har ya kai ƙarshen maganarsa. Waken da ke cikin ruwa ba inda za shi.